Dashbod ya tsage: tambayoyi da amsoshi kan rufe shi da murfin roba a tsohuwar mota

Duk mai riƙe da motar shekarun 1970 ko 1980 a ƙasa mai rana ya san wannan ciwon. Inji lafiya, jiki lafiya, amma da ka zauna a kujerar direba abin da zai fara yi maka sallama shi ne tsaga daga bakin gilashi har zuwa gabanka, soso rawaya yana leƙowa ta ciki. Mun fi kawo misali da Mercedes W123, Marsandin da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da Peugeot 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Amma aikin kusan iri ɗaya ne a kowace mota ta wancan zamani.

Me ke sa dashbod tsagewa tun farko?

Dashbod ɗin wancan zamani hawa uku ne. Akwai ƙashi na ƙarfe ko wani abu mai tauri a ƙasa, sai soso a tsakiya, sai fatar leda a sama wadda ido ke gani. Ledar nan asalinta abu ne mai tauri, wani mai ake haɗawa da ita a masana'anta don ta yi laushi ta lanƙwasu. Zafi yana fitar da man nan a hankali, shekara bayan shekara. Hazon nan mai maiƙo da ke taruwa a cikin gilashin gaba, wanda kake gogewa ya dawo, wani ɓangarensa daga nan yake fitowa.

Idan man ya ƙare, leda takan bushe ta tsuke, alhali soson da ke ƙarƙashinta yana ci gaba da kumbura da rana yana komawa da dare. Saman dashbod na motar da aka rufe aka bari a rana yana iya haura digiri 70 na zafi. Fatar da ta daina miƙewa ba ta da abin yi sai ta yage, kuma takan fara ne daga inda aka riga aka huda ta: kusurwar ramukan iskar da ke hura gilashi, bakin sifika, da gefen rumfar mita, wato inda agogon gudu yake a gaban direba. Shi ya sa za ka ga Marsandi goma, tsagar tasu duk a wuri guda. Masu W123 ma sun daɗe da lura cewa shuɗin dashbod ya fi baƙi saurin fashewa.

Wane irin murfi ake nufi? Na ga iri-iri a kasuwa.

Abu uku ake kira da suna ɗaya, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Na farko shimfiɗa ce ta kafet ko yadi mai gashi, a ɗora a manne da ɗan maƙale. Tana tare rana, tana ɓoye tsaga, amma kowa ya gani ya san shimfiɗa ce, kuma tana tara ƙura. Na biyu fata ce ko leda da mai ɗinkin kujerun mota zai yanka ya ɗinka ya liƙa. Na uku, wanda yawancin wannan shafi yake a kansa, murfin roba ne mai ɗan tauri, robar da ake kira ABS, wanda aka gasa aka zuba shi a kan siffar ainihin dashbod ɗin motar. Kaurinsa bai kai milimita 2 ba, samansa da ɗan gurzau kamar na asali, ana kifa shi kamar hula a liƙe da gam ɗin silikon. Akwai mai rufe sama kaɗai, akwai mai saukowa har fuska ya zagaye ramukan iska. Kamfanonin Amurka irin su Coverlay su ne suka fi yin sa.

Idan tsagar ba ta gangaro fuska ba, ɗauki mai rufe sama kaɗai. Duk yawan lanƙwasar murfi, haka yawan wuraren da zai iya ƙin zama.

Kowane dashbod ne murfi zai yi wa magani?

A'a. Murfi yana ɓoye tsaga, ba ya ɗinke ta, kuma yana bin siffar abin da ke ƙarƙashinsa. Danna dashbod ɗin da babban yatsa a wurare da dama. Idan soson yana nan da ƙarfinsa, tsaga ko goma ce ba matsala. Idan kuwa ya zama gari yana zubowa ta ramin iska, ko ƙashin ya karye, ko gaban ya bankare ya rabu da gindin gilashi da fiye da kaurin yatsa, to gam ba shi da abin kamawa. Wannan sai a nemi wani dashbod na hannu, a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Ka sani dai, na hannun shekarunsa ɗaya da naka, sau da yawa shi ma murfin zai buƙata nan da ɗan lokaci.

Yaya zan tabbatar wanda zan yi oda zai hau motata?

Nan ne ake yawan asarar kuɗi, domin kaya ne mai girma, kuɗin dakonsa kan kusa kamo kuɗin sayensa, mayar da shi kuma wahala.

Fara da ɓangaren sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana a 1974, Nijar kuwa dama can haka take, saboda haka kusan duk motocin da suka rage sitiyarinsu a hagu yake, daidai da na Amurka da Jamus. Murfin da aka yi don kasuwar Ingila juyayye ne, ba zai hau ba. Amma duba taka da ido, akwai tsofaffin motocin kafin canjin da waɗanda aka shigo da su masu sitiyari a dama.

Sai shekara da samfuri. Kada ka dogara da shekarar da ke takardar mota, wadda wani lokaci shekarar shigowa ce. Duba lambar jikin motar. Sannan ƙirga abin da ke saman dashbod ɗinka ka kwatanta da hoton mai sayarwa: ramukan iska nawa, sifika a tsakiya take ko a kusurwoyi, akwai ɗan ramin na'urar auna zafin ɗaki ko babu. Wasu W123 da aka kai Amurka suna da wannan ramin saboda na'urar sanyayarsu mai sarrafa kanta ce, yawancin na Turai babu. Idan aka yi kuskure, gara murfin da ba shi da ramin, ka huda da kanka, da wanda ya zo da ramin da ba ka da abin sakawa a ciki.

Sai an cire dashbod ko gilashi?

Ba sai an cire ba, wannan ma shi ne dalilin murfin. Abin da za ka kwance ƙanana ne: murafan sifika, robobin da ke jikin ginshiƙan gilashi na hagu da dama idan sun danne gefen dashbod, wani lokaci da sitiyari don ka sami wurin motsi. Robobin nan sun tsufa kamar dashbod ɗin, a lallaɓa su, kada a finciko.

Wane kaya zan tanada?

Wuƙar reza da sababbin baki biyu ko uku, samfefa mai kaushi lamba 80 da mai laushi lamba 180 ko 220, sabulun wanke kwanuka, sifirit na kemis, tsummoki farare masu tsabta, salatif na takarda irin na masu fenti, alli, kwali, tsofaffin tawul, da ƙananan ledojin yashi kamar shida zuwa takwas, kowace kilo ɗaya zuwa biyu. Silikon yakan zo tare da murfin, ɗan bututu kimanin giram 80. Ya isa. Idan ka ga kamar ba zai isa ba, alama ce ka yi niyyar zuba shi fiye da ƙima.

Ta ina ake farawa?

Da gwaji, ba tare da ɗigon gam ba, kuma ba sau ɗaya ba. Idan murfin ya ɗan karkace a cikin kwali saboda tafiya, ajiye shi a rana minti 15 zuwa 20 ya saki jiki. Zura gefen gaba ƙarƙashin gilashi tukuna, sannan ka sauke bayan. Za ka ga yana lilo a wasu wurare. Abin da ke tokare shi leɓɓan tsagar ne, domin leda idan ta fashe bakinta biyu sukan naɗe su ɗago sama kamar busasshen ganye.

Ga dabarar gano su. Goga alli a kan duk tudun da kake zargi, kifa murfin, danna, ɗaga, duba cikinsa. Inda alli ya taɓa, nan ne tudun. Toshe ramukan iska da tsumma kafin ka fara yanka, don kada garin soso ya zuba cikin bututun hita ya dawo yana feso maka a ido. Kwantar da reza ka aske leɓɓan har su yi daidai da sauran wurin, ko ma su ɗan yi ƙasa. Kada ka ji tausayin dashbod ɗin a nan. Rami a ƙarƙashin murfi ba ya nunawa sai in ya yi faɗi, tudu kuwa ko na milimita 2 ne sai ya fito, domin rana za ta tausasa robar ta kwanta a kansa. Bi da samfefa lamba 80, ka sa takunkumi saboda ƙurar. Ramin da ya fi yatsu biyu faɗi, cusa masa guntun soso mai tauri ka aske shi daidai, don murfin ya sami abin dogara.

Sake gwadawa. Wannan karon rufe ƙofofin gaba biyu, buɗe aljihun dashbod ka rufe, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, mayar da murafan sifika ka ga ko za su zauna. Inda murfin ya yi yawa, rage shi da samfefa ko reza, kaɗan-kaɗan, milimita ɗaya a kowane zagaye. Mai W123 ya kula da bakin rumfar mita musamman. Mitar motar nan ba noti ne ke riƙe da ita ba, roba ce ta zagaye ta, turo ta ake yi ta fito ta gaba. Idan leɓen murfin ya shiga gabanta, ranar da ƙwan mita ya mutu ko wayar gudu ta tsinke za ka tarar ka kulle ta da hannunka. Fito da mitar ka mayar a lokacin gwaji, ka rage leɓen har ta wuce.

Wanki fa? Ba goge ƙura ba ne kawai?

Da yawa daga cikin murafan da suka ɗaga, a nan aka kayar da su. Shekara talatin ko arba'in masu wankin mota suna shafa wa dashbod ɗin man ƙyalli, wasu ma har da man birki ko man shafawa. Man nan ya shige cikin gurzan ledar, kuma babu gam ɗin da ke kama maiƙo. Wanke da ruwan ɗumi da sabulun kwanuka da buroshi mai laushi, goge, sake wankewa, sau biyu ko uku. Bar shi ya bushe sarai, musamman cikin tsagar, don soso yana shan ruwa. Sannan bi da sifirit a farin tsumma, kana juya tsumman, har ya daina ɗauko launi.

Gwajin mai sauƙi ne: yayyafa ɗan ruwa. Idan ya dunƙule ya zama ƙwallaye yana gangarawa, da sauran mai. Idan ya baje ya jiƙa wurin, ka gama. Cikin murfin ma a goge shi da sifirit, a ɗan karce layin da gam zai bi da samfefa mai laushi, haka ma a kan dashbod ɗin.

Kada tina (ruwan tsinka fenti) ko asiton (ruwan goge fentin farce) ko fetur su kusanci murfin. Asiton narkar da ABS yake yi nan take, tabon kuma ba ya gyaruwa.

Ina ake sa silikon, kuma nawa?

A gefe kawai. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, domin hankali yana ba mutum cewa yawan gam shi ne ƙarfi.

Juya murfin a kan tawul, ja layi ɗaya na silikon, kaurinsa kamar fensir ko ƙasa da haka, ya zagaye murfin, kimanin santimita 2 daga baki don kada ya tsartu waje idan an danna. Ja wani siririn layi a kewayen kowane ramin iska, ramin sifika, da rumfar mita. Faɗin tsakiya kuwa, inda rana ta fi duka, a bar shi fayau.

Dalili shi ne lissafi. Robar ABS tana miƙewa kusan milimita 0.09 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Murfi mai tsawon mita 1.4, tsakanin sanyin asubar hunturu da tsakar ranar bazara, bambancin ya kai digiri 50, wato miƙewar kusan milimita 6. Ƙarfen da ke ƙarƙashi a wannan zafin bai kai milimita ɗaya ba. Dole wannan bambanci ya sami inda zai tafi. Idan tsakiya a sake take, robar takan ɗan zame a kan dashbod, silikon na gefe kuma yana miƙewa ya dawo, ba wanda zai lura. Idan ka ɗaure tsakiyar da ɗigo-ɗigon gam, robar da ke tsakanin ɗigo biyu ba ta da hanya sai sama. Nan za ka ga tudu da kwari kamar kunyar gona, daga baya murfin ma ya tsage a kan ɗigon.

Da ka gama ja, kada ka tsaya waya. Silikon yana fara yin fata cikin minti 10 zuwa 15, kuma da ya yi fata ba ya kamawa da kyau. Ku zama mutum biyu, ɗaya a kowace ƙofa. Zura gaba, sauke baya, daidaita ramukan iska tukuna domin su ne ido ke fara gani ta gilashi, sannan a bi gefe da tafin hannu. Ka tuna ka zare tsummokin da ka toshe ramukan da su kafin wannan.

Da me za a danne shi, kuma har yaushe?

Gefen da ke gindin gilashi shi ne mai wuya, don hannu ba ya shiga, nauyi ba ya zama. Naɗe kwali ko tawul ka cusa tsakanin gilashi da murfin, ɗaya bayan ɗaya, tazarar kamar tafin hannu. Cusawa mai sauƙi: tsohon gilashi da ke da ɗan tabon dutse yana iya tsagewa idan aka tokare shi da ƙarfi, kuma kada a yi da katako. Ledojin yashi su bi layin gam a sama. Gefen da ya sauko fuska a ɗaure shi da salatif na takarda, ana ja ana liƙawa a ƙasan dashbod. Ƙarshen hagu da dama kuwa, sa naɗaɗɗen tawul ka rufe ƙofa a kansa a hankali. Silikon da ya tsarto a goge shi nan take, ko kuma a bar shi ya bushe gaba ɗaya a yanke da reza. Taɓa shi yana rabin bushewa shi ke dama wuri.

A yi aikin a inuwa, motar ta kwana a inuwa, gilasan gefe a sauke kaɗan. Murfin da aka liƙa yana da zafi a miƙe yake, idan ya huce zai ja gam ɗin da bai riga ya kama ba. Takardar masu yin murfin takan ce sa'o'i kaɗan sun isa, mu dai shawararmu awa 24. Silikon da damshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kimanin milimita 2 zuwa 3 a yini. Da damina wannan ba abin damuwa ba ne. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke fashewa saboda bushewar iska, ba shi kwana biyu, ka ajiye roba da ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a ƙasan motar. Kada a tuƙa ta a tsakani, girgizar hanya tana raba gam ɗin da bai nuna ba.

Silikon ɗin da ya zo da shi ya bushe a hanya. Zan iya sa wani gam?

Wani silikon, i. Nemi wanda ba ya warin tsami. Mai warin tsamin, wanda aka fi sayarwa don gilashin taga da bayan gida, yana fitar da asid yayin bushewa, ga wayoyi da mita a ƙarƙashin wurin, kuma bai cika kama roba sosai ba. Baƙi ya fi fari ko garai-garai, don ko ya leƙo ba a gani.

Sauran gam kuwa a'a. Sufa gulu yana bushewa kamar gilashi, ba ya miƙewa ko kaɗan, zafin farko zai ɓalle, ga farin tabo da tururinsa ke bari. Gam ɗin masu takalmi yana kamawa nan take ba ya ba ka damar gyara zama, sannan yana saki idan ya ji zafin dashbod. Gam mai haɗi biyu irin mai taurin dutse shi ma laifinsa ɗaya da sufa gulu. Wasu sukan ɗaure gefen da ƙananan kusoshi. Kowane ƙusa wurin fara sabuwar tsaga ne.

Launin bai yi daidai da cikin motata ba. Ana fenti?

Ana yi, kuma kafin a liƙa, bayan an gama duk yanke-yanke. Baƙi ne kaɗai yakan dace kai tsaye. Wanke murfin, goge da sifirit, ɗan dusashe shi da soson goge-goge mai laushi, fesa abin kama fenti na roba, sannan fentin da aka yi don leda da robar cikin mota. Feshi uku ko huɗu marasa kauri, tazarar minti 5 zuwa 10, gwangwani yana nesa da kamar santimita 25. Feshi mai kauri yana cike gurzan saman, murfin ya fito sumul kamar bokiti. Fentin jikin mota bai dace ba, yana da tauri kuma sinadarinsa na iya cin robar.

Zaɓi marar sheƙi, kuma mai duhu. Dashbod mai ƙyalli ko mai haske hotonsa yana fitowa a gilashin gaba da rana tsaka ya tare maka hanya. Wannan maganar tsaro ce, ba ta ado ba.

Na liƙa, bayan sati biyu ya sami matsala. Me ya faru?

Ya danganta da irin matsalar. Kumburi a tsakiya da rana wanda ke kwanciya da yamma, in kaɗan ne, halin robar ne. Idan ya yi yawa, ko dai an sa gam a tsakiya, ko murfin ya matse tsakanin ginshiƙan gilashi biyu ba shi da wurin miƙewa. Rage milimita 2 a kowane ƙarshe, inda robar ginshiƙi za ta rufe.

Gefen da ya ɗaga, leƙa ƙarƙashinsa. Idan silikon yana jikin murfi, dashbod kuwa fes, maiƙo ne bai fita ba. Idan yana jikin dashbod ya bar murfi, cikin murfin ne ba a goge ba. Idan yana jikin duka biyun amma ya rabu a tsakiya, an cire nauyi da wuri. Kankare tsohon gaba ɗaya, domin sabon silikon ba ya kama busasshe da kyau, goge da sifirit, sa sabo, danne kwana guda.

Ƙara kamar ƙyas-ƙyas a kan gargada, gefen robar ne ke gogar gilashi ko ginshiƙi. Siririn ƙyalle mai laushi a tsakani yana kashe ta. Kusurwar da ta ƙi kwanciya ana iya lallashinta da na'urar busar da gashi, ana motsa hannu, a danne da tawul har ta huce. Bindigar zafi ta masu fenti tana da haɗari: ABS yana sakin jiki da ya kusa digiri 100, kuma kafin ka ankara gurzan ya narke ya bar tabo mai sheƙi.

Me zai hana in cike tsagar kawai in yi fenti?

Idan tsaga ɗaya ce gajera kuma sauran ledar da laushinta, ana yi. A buɗe tsagar da reza ta yi kamar kwari, a cike ƙasan da kumfar gini a aske, a shafe sama da abin cike mai lanƙwasuwa irin na gyaran bamba, a goge, a fesa gurzau, a yi fenti. Filar masu gyaran jikin mota ba ta yi, tana da tauri, gefenta zai buɗe a bazarar farko. Amma ka gwada ledar da farce nesa da tsagar. Idan ta yi ƙaras kamar ɓawon ƙwai, duk fatar ta mutu, za ka gyara nan ta fashe a can. Wannan dashbod ɗin murfi yake so.

Fijo 504 ce da ni, na nema ban sami murfinta ba.

Masu zuba murfin roba sun fi bin motocin da suka yi kasuwa sosai a Amurka, shi ya sa na Marsandi da Datsun da BMW suke da sauƙin samu. Ga 504, hanyar da ta fi kusa ita ce mai ɗinkin kujeru, kuma a nan gara a cire dashbod ɗin. A cire kan batir tukuna, a ɗauki hoton kowace waya kafin a zare ta. Shirin duk ɗaya ne, sai dai ya fi tsanani, domin fata ba ta ɓoye komai: a aske, a cike, a goge har ya yi sumul, a shimfiɗa siririn soso na milimita 2 zuwa 3, sannan fata ko leda. A nemi gam mai jure zafi wanda aka yi don rufin cikin mota, a shafa ɓangare biyu, a naɗe bakin fatar ta bayan dashbod aƙalla santimita 2. Ɗinki ya bi gefen rumfar mita inda lanƙwasa ta yi tsanani. Fatar gaske tana tsukewa a rana ta janye daga ramukan iska, don haka ledar da aka yi don mota ko jirgin ruwa ta fi ta daɗewa a nan, ko da ba ta kai ta ƙamshi ba.

Murfi yana rage darajar mota? Ana iya cire shi daga baya?

Wanda ya san mota zai gane shi cikin daƙiƙa biyar: zai ƙwanƙwasa ya ji tauri a inda ya kamata ya ji laushi, zai ga kaurin baki a ramin iska. Ga motar da ake hawa, murfin da ya zauna daidai ya fi tsagaggen dashbod nesa ba kusa ba. Ga motar da ake son mayarwa yadda ta fito daga masana'anta, a tara kuɗi a sake wa dashbod ɗin soso da fata, ko a nemi na asali mai lafiya. Idan za ka sayar, faɗa wa mai saye akwai murfi.

Cirewa kuwa ana yi, in dai a gefe kaɗai aka sa silikon. Zura zaren kamun kifi ko siririyar wuƙar fenti ka yanka layin a hankali. Abin da ke ƙasa zai fito da muni fiye da da, tunda an aske shi.

Motata ta farkon shekarun 1990 ce, tana da jakar iska ta kariyar haɗari a gaban fasinja.

Kada ka rufe wurin da komai, ko roba ko fata ko kafet, sai murfin da aka yi da ramin jakar a buɗe. Jakar tana fitowa da ƙarfin da zai iya mayar da murfin makami.

Bayan an gama, yaya ake kula da shi?

Jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Ka gaya wa mai wankin mota tun kafin ya buɗe ƙofa kada ya shafa man ƙyalli, domin yana gangarawa gefe ya shiga ƙarƙashin gam. Sa abin tare rana a gilashi duk lokacin da za ka bar ta a fili, gilasan gefe a sauke kamar kaurin yatsa. Kwalbar turare da ake kafawa a saman dashbod a ɗauke ta, man turare yana cin ABS ya bar zobe fari a inda ya ɗiga.